Daga Masoro zuwa Kuzari: Tarihin Kalmar «Pep»

Duk wanda ya saba sauraron rediyon Faransa, ko kallon tallace-tallacen da ake yi a telebijin, ya taɓa jin an ce wane yana da «peps», ko kuwa an ce abin sha kaza yana ba da «peps». Da yawa daga cikinmu mun ɗauka kalmar Faransanci ce tun asali. Alhali kuwa baƙuwa ce a ƙasar Faransa. A cikin ƙarni na 20 aka aro ta daga Ingilishin Amurka, inda ake rubuta ta da baƙaƙe 3 kawai, wato «pep». Ma'anarta ita ce kuzari, karsashi, zafin nama, irin halin mutumin da ba ya nauyin jiki. Kalmar hira ce da filin wasa, ba a sa ta a cikin takardar gwamnati ko a gaban alƙali.

To, ina wannan ƴar kalma ta samo tushe? In muka bi sawunta za ta kai mu madafa, daga madafa ta kai mu kasuwannin Roma, daga can kuma ta tsallake teku da mu har ƙasar Indiya. A ƙarshen tafiyar akwai darasin da ya shafi lafiyar kowane ma'aikaci.

Kalmar da aka datse wa wutsiya

Masu nazarin harshen Ingilishi sun dace a kan cewa «pep» guntun «pepper» ne, wato sunan da Ingilishi ke kiran masoro, barkono da tattasai da shi. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 19 Amurkawa kan ce mutum yana da «pepper» idan suna nufin yana da himma da zafin nama. Da aka shiga ƙarni na 20, wajen shekara ta 1910, sai ɗaliban jami'a da masu rubuta labarin wasanni a jaridu suka datse kalmar, suka bar gabanta kawai.

Wannan datsewa ba baƙon abu ba ce ga kowane harshe. Bafaranshe ya gaji da faɗin «vélocipède» ya koma «vélo», ya gaji da «motocyclette» ya koma «moto». Mu ma haka muke yi wa sunaye: Abubakar ya zama Abu ko Buba, Ibrahim ya zama Ibro ko Iro. Duk kalmar da baki ya yawaita juyawa, lalle ta gajarce, kamar yadda dutsen niƙa ke cinyewa da yawan aiki.

Da «pep» ta tsaya da ƙafafunta, sai ta fara haihuwa. Aka sami «peppy», wato mai kuzari. Aka sami «pep up», wato a farfaɗo da abin da ya yi sanyi. A cikin shekarun 1920 aka sami «pep talk», shi ne gajeren jawabin da mai horar da ƴan wasa ke yi musu kafin su shiga fili don ya zuga su. Makarantun Amurka kuma suka ƙago «pep rally», wato taron kiɗa da sowa da ɗalibai ke yi kafin ƙungiyarsu ta kara da wata. Ƴan kasuwa ba su yi barci ba: a shekara ta 1923 kamfanin Kellogg's ya fito da wani abincin karin kumallo na alkama, ya raɗa masa suna Pep.

A nan ya kamata mu gyara wani kuskure da ake yawan yi. Lemon kwalba da ake kira Pepsi-Cola ba shi da dangantaka da wannan kalma. Wani mai sayar da magani, Kaleb Biradham, shi ya ba shi wannan suna a shekara ta 1898 a jihar Karolina ta Arewa, tun «pep» ba ta bazu ba, kuma sunan yana komawa ne ga wata kalmar Girkanci mai nufin narkewar abinci a ciki. Kama da wane ba ta wane.

Doguwar tafiya daga Indiya

Mu koma ga uwar kalmar. A cikin Sansikirit, tsohon harshen malaman Indiya, akwai wani yaji da ake kira «pippali». Ƴaƴansa a jere suke jikin wani ɗan siririn zangarniya, shi ya sa Turawa ke ce masa dogon masoro. Shi ne ya fara isa ƙasar Girka, Girkawa suka juya sunan ya zama «peperi». Daga bakinsu Romawa suka karɓa suka ce «piper». Daga baya baƙin masoro mai ƙwaya ɗai-ɗai, wanda ke fitowa daga gaɓar Malabar a kudu maso yammacin Indiya, ya mamaye kasuwa, amma ya gaji sunan ɗan'uwansa.

Daga wannan «piper» ta Latin harsunan Turai suka ɗebo. Tsohon Ingilishi ya ce «pipor», Jamusanci ya ce «Pfeffer», Italiyanci ya ce «pepe», Faransanci ya ce «poivre». Ta wata hanya kuma kalmar ta bi ta ƙasar Farisa ta shiga Larabci ta zama «fulful» ko «filfil», har ta gangara gaɓar gabashin Afirka, inda masu jin Suwahili ke cewa «pilipili». Ashe ke nan Bafaranshen da ya ce «poivre» a teburin cin abinci, ya kuma ce «peps» a filin wasa, kalma ɗaya ya faɗa sau biyu: ta farko ta zo masa kai tsaye daga Roma, ta biyu sai da ta zagaya ta Ingila da Amurka.

Kalma ba ta yin irin wannan tafiya ita kaɗai. Kaya take bi, kamar yadda sunan goro da na gishiri suka bi ayarin fatake. Masoro kuwa tun zamanin da kaya ne mai daraja. An tarar da ƙwayoyinsa a cikin hancin gawar Fir'auna Ramsis na 2, wanda ya mutu wajen shekara ta 1213 kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan da Romawa suka ci ƙasar Masar a shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa, jiragen ruwansu sun riƙa tashi daga tashoshin Bahar Maliya, suna bin iskar damina zuwa Indiya, su komo idan iskar ta juya. Masanin ƙasa Sitirabo ya ba da labarin jirage 120 da ke tashi kowace shekara daga tasha guda. A kufan wata tashar mai suna Berenike, masu tonon kayan tarihi sun sami tulu ƙirar Indiya ɗauke da masoro fiye da kilo 7.

Marubucin Roma Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79, ya rubuta farashin da ake sayarwa a zamaninsa: awo guda na dogon masoro dinari 15, na fari dinari 7, na baƙi dinari 4. Ya kuma yi mamakin yadda mutane ke zubar da dukiya a kan abin da ba shi da zaƙi, ba shi da kyan gani, sai yaji kawai. A shekara ta 408, lokacin da Alarik, sarkin yaƙin Gotawa, ya kewaye birnin Roma, cikin fansar da aka biya shi, ban da zinariya da azurfa da siliki, har da awo 3000 na masoro, wato kusan tan guda.

Bayan faɗuwar Roma, cinikin ya koma hannun fataken Larabawa da na birnin Banis a ƙasar Italiya, kowane hannu kuma da ribarsa. Tsada ta kai har Faransawa suna kwatanta duk abin da ya fi ƙarfin aljihu da masoro, suna cewa «cher comme poivre». Neman hanyar da za ta kauce wa waɗannan dillalai shi ya fitar da jiragen Fotugal. Basko da Gama ya bar Lisbon a watan Yuli na 1497, ya zagaya ƙarshen kudancin Afirka, ya sauka kusa da Kalikat a watan Mayu na 1498.

Shekaru 6 kafin haka, a 1492, Kiristofa Kolombus ya nufi yamma da irin wannan buri, ya faɗa tsibiran Amurka yana zaton Indiya ya iso. Bai sami masoro ba, sai wani jan abu mai yaji da mutanen wurin ke kira «aji». Shi ne barkono, wanda a wasu sassan ƙasarmu ake ce wa tonka. Ba dangin masoro ba ne ko kusa, amma saboda yajinsa Turawa suka liƙa masa sunan. Fataken Fotugal suka watsa irinsa a Afirka da Asiya cikin ƙarni na 16. Don haka barkonon da ke cikin yajin kilishi, da tattasan da ake nomawa a bakin Komadugu a jihar Diffa, asalin kakanninsu daga Amurka ne. Bahaushe da Bafaranshe sun raba wa kowane irin sunansa, amma Ingilishi ya haɗa su duka a ƙarƙashin «pepper».

Me ya haɗa yaji da kuzari?

Wanda ya taɓa tauna barkono ba tare da shiri ba ya san amsar a jikinsa. Ido ya kawo ruwa, gumi ya keto, zuciya ta ƙara bugawa, mai gyangyaɗi ya wartsake. Masana sun daɗe suna binciken dalilin. A shekara ta 1819 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Hans Kiristiyan Orsted, ya ware sinadarin da ke ba masoro yajinsa, aka kira shi fiferin. Na barkono kuma sunansa kafsaisin. A shekara ta 1997 Dabid Juliyus da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano wata ƴar ƙofa a bakin jijiyoyin jin zafi. Aikin wannan ƙofa shi ne ta buɗe idan zafi ya kai wajen digiri 43, ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa jiki na ƙuna. Sinadarin barkono yana buɗe ta ko da babu wuta, na masoro ma haka. Wannan bincike ya sa aka ba Juliyus kyautar Nobel ta fannin likitanci a shekara ta 2021, tare da Ardem Patafutiyan.

Abin lura a nan shi ne, yaji ƙararrawa ce kawai. Yana tada jiki, amma ɗan abin da ake barbaɗawa a miya ba ya ƙara wa jiki wani ƙarfin a-zo-a-gani. Ƙarfin aiki daga hatsi, wake, nono, nama da isasshen barci yake fitowa. Waɗanda suka fara kiran kuzari da sunan yaji, alamar suka gani suka kwatanta: zafi, motsi, farkawa.

Ingilishi ya yi irin wannan kwatance da wasu kayan ƙamshi. A ƙarni na 19 ana cewa mutum yana da «ginger», wato citta, da nufin yana da karsashi. Bafaranshe kuma yakan ce a sa wa labari «piment» idan yana so labarin ya yi armashi. Akwai wasu kalmomin hira na Ingilishi masu ma'ana kusa da «pep» waɗanda suka biyo wata hanya dabam: «vim», wadda galibin masana ke dangantawa da kalmar Latin mai nufin ƙarfi, da «zip», wadda kwaikwayon ƙarar abu ne mai wucewa da sauri.

Hausa ma ta san wannan hanya. Idan muka ce yaro yana da zafin nama, zafi muka ara muka auna hanzari da shi. Sai dai da muka zo kan yaji kansa, wani gefe muka karkata. Matar da ta yi fushi ta koma gidan iyayenta, yaji ta yi. Ma'aikatan da suka ajiye kayan aiki don neman haƙƙinsu, yajin aiki suka shiga. Ga abin dariya: yajin da ke sa Ba'amurke ya zabura ya kama aiki, shi ne ke sa Bahaushe ya ajiye nasa. Amma ko a Ingilishi wannan gefe na fushi bai ɓace ba, domin mutum mai saurin hasala «peppery» ake ce masa. Saboda haka mai fassara ya yi hattara. In ya tarar da «pep» ko «peps» a takarda, kada ya rubuta yaji. Ya duba wurin: ga ɗan wasa zafin nama ya fi dacewa, ga ma'aikaci kuzari ko himma, ga taro ko biki karsashi ko armashi.

Ranar da aka zuba kuzari a cikin ƙwaya

Cikin ƴaƴan da wannan kalma ta haifa akwai guda da ya jawo hawaye, shi ne «pep pill», wato ƙwayar kuzari. A shekara ta 1887 wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Romaniya, Lazar Edeleyanu, ya fara haɗa sinadarin amfetamin a birnin Balin. An bar shi ajiye har wajen shekaru 40 kafin a lura da aikinsa a jikin mutum. A farkon shekarun 1930 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Benzedrine, a matsayin abin shaƙa don buɗe toshewar hanci, daga baya aka mai da shi ƙwaya. Nan da nan mutane suka gane yana kore barci da gajiya. Tun a shekara ta 1937 jaridun Amurka suka fara ba da labarin ɗaliban da ke haɗiyarsa don su kwana karatun jarrabawa, kuma da wannan suna mai daɗin ji suka kira shi.

A ƙasar Jamus an fito da ɗan'uwansa mai suna Pervitin a shekara ta 1938. Tsakanin watan Afrilu da na Yuli na 1940, lokacin da sojojin Jamus suka afka wa Faransa, an kai wa rundunoninsu ƙwayoyi wajen miliyan 35. Sojojin Ingila da na Amurka su ma an raba musu Benzedrine. Sojan da ya sha yakan yi dare biyu ko uku bai runtsa ba, bayan haka jiki ya karɓi bashinsa: kasala mai tsanani, ruɗewar hankali, ciwon zuciya, da kamuwa da son ƙwayar. A shekara ta 1941 hukumar Jamus da kanta ta sa Pervitin cikin jerin magungunan da doka ta ƙuntata.

Bayan yaƙi ƙwayar ta bazu cikin direbobin manyan motoci, ɗalibai, masu son rage ƙiba da ƴan wasa. Ran 13 ga watan Yuli na 1967, a cikin babban tseren keke na zagayen ƙasar Faransa, wani gwanin tsere ɗan Ingila mai suna Tom Simson yana hawan dutsen Bantu cikin zafin rana mai tsanani, sai ya fara tangaɗi ya faɗi. Aka ɗora shi bisa kekensa, ya ɗan taɓa gaba, ya sake faɗuwa, bai ƙara tashi ba. Shekarunsa 29. Binciken likita ya nuna akwai amfetamin da barasa a jikinsa. Gajiya ita ce mai gadin da ke ce wa mutum ya tsaya. Ƙwayar ta rufe wa mai gadin baki, shi kuwa ya ci gaba da tuƙi har zuciyarsa ta gaza. A watan Fabrairu na 1971 ƙasashen duniya suka sa hannu a birnin Biyana kan wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda ta sa amfetamin ƙarƙashin tsaro mai tsanani.

Kada mu ɗauka wannan labarin Turawa ne kawai. A garuruwanmu na Afirka ta Yamma an ga leburori, manoma da ƴan kabu-kabu suna haɗiyar tiramadol ba da izinin likita ba, wai don su sami ƙarfin aiki. Tiramadol maganin rage ciwo ne, danginsa dabam da na amfetamin, amma yaudarar iri ɗaya ce: yana ɓoye gajiya, ba ya maganinta. Wanda ya wuce ƙa'ida yana iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya, numfashinsa na iya tsayawa, wanda ya saba kuma rabuwa da shi sai da taimakon likita. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ƙarfin da aka aro daga ƙwaya, jiki ne ke biyansa, kuma da riba mai nauyi.

Abin da za mu riƙe

Yau masoro ya daina zama dukiyar sarakuna. Ana samunsa a kowace kasuwa da ƴan kuɗi kaɗan, kuma ƙasar Biyetnam ta wuce Indiya wajen nomansa. Amma sunan da ya baro Indiya da shi fiye da shekaru 2000 da suka wuce yana nan yana yawo, har ya sami sabon aiki a bakin ƴan wasa da masu talla. Mai karatu da ya san asalin kalmar ba zai ruɗu ba idan aka nuna masa kwalba ko ƙwaya aka ce tana ba da «peps». Zai tuna cewa sunan yaji ne, zai kuma tambaya: ban da yajin, me ke ciki?

Manomanmu sun riga sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Ranar gayya, makaɗin noma yana bin bayan samari da gangarsa, yana kiran sunan kowa da na kakansa, sai ka ga hauya na tashi kamar ba hannu ke riƙe da ita ba. Wannan shi ne «pep» na gaskiya, kuma yana da amfaninsa, kamar yadda kalmar yabo daga bakin shugaba ke da amfani ga ma'aikacin ofis. Amma mai gonar da ya kira makaɗi bai tanadi fura da tuwo ba, kafin azahar zai ga kunya. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.